Hular Aro

Ana busa usur, fitilun zauren suka dushe, dubban mutane suka jingina da kujerunsu lokaci guda, suka yi lamo. Kowa da baƙar hula a kai, ta rufe masa har ido da kunne. Can ƙasa makafi shida suka tsunduma cikin tafkin gasa, sai ka ji zauren gaba ɗaya ya ja numfashi, "Ash!", don sanyin ruwan ya ratsa kowa, alhali ko ɗigo bai taɓa rigar ɗayansu ba.

Aikin Hular Aro ke nan. Kamfanin Jiyau ne ya ƙera ta a nan Sabuwar Yawuri, birnin da aka kafa kan manyan faifan ƙarfe masu yawo bisa ruwa, bayan Kogin Kwara ya haɗiye tsohon gari. A gaskiya hula biyu ce. Ta ɗan iyo siririya ce ta roba, cikinta wasu zaruruwa da suka fi gashin jinjiri laushi, su ke kwaso duk abin da jikinsa ke ji: sanyi, bugun zuciya, ƙunar huhu, har duhun da yake ciki. Wata kwamfuta a ƙarƙashin tafkin ta tace, ta rage zafin, ta watsa wa hulunan da ke kan kujeru, da na masu kwance a gidajensu har Agadas da Kumasi. Shi ya sa aka daina ce musu 'yan kallo, tunda ba abin da suke kallo. 'Yan aro ake ce musu. Kowa da maɓalli a hannun kujerarsa, in ya gaji da kan wannan makaho ya latsa ya koma kan wancan, kamar mai ɗanɗana miya a gidan biki. A bangon zauren kuma ga sandunan haske shida, ɗaya bisa kowane layi. Gwargwadon yawan mutanen da ke cikin kan ɗan iyo, gwargwadon tsawon sandarsa.

Kyauta tana tsaye a ƙarshen layi na huɗu, riƙe da doguwar gora mai dunƙulen soso a baki. Mijinta Arzika ne ke tahowa a layin. Ɗan Sarkawa ne, masuntan kogin nan, ya iya iyo tun bai iya ɗaura wando ba. Yana saurayi ciwon ido ya tafi da ganinsa, amma bai tafi da ruwan da ke jininsa ba.

Iyon fiffike suke yi, wanda hannu biyu ke tashi tare su koma baya tare, kai ne a gaba. Makaho ba ya ganin bango, don haka kowane ɗan iyo yana da mai gora, wanda zai ɗan taɓa masa tsakar kai in saura bugu ɗaya, shi kuma ya miƙa hannu ya dafa bangon. Ka taɓa da wuri, ya yi asarar gudu. Ka makara, ya sa goshi a kankare da duk ƙarfinsa. Shi ya sa makaho ba ya ba kowa gorarsa sai wanda zai iya ba wa ransa: uba, ko wa, ko mata. Injiniyoyi sun yi ta kawo ƙararrawa da na'urori iri-iri, makafin suka ce a kai kasuwa, su dai gora.

Kyauta ta sauke gorar, soso ya sami kan Arzika, ya miƙa hannu ya dafa bango. Shi ya zo na ɗaya, kamar kullum. Barmo na layi na biyar ya biyo shi, yayansa Nomau ya taɓa shi a kan kari. Barmo da Arzika a kwalekwale ɗaya suka tashi, kuma shekara guda ciwon ya kama su.

"Kai ɗan banza, ka sake cinye ni!" in ji Barmo, yana haki yana lalubo kafaɗar abokinsa ta saman igiyar layi.

"Ka rage cin tuwo, za ka kamo ni," in ji Arzika.

Kyauta ba ta yi dariya ba, ta ɗaga kai ta dubi bango. Sandar layi na huɗu ko gwiwar mutum ba ta kai ba. Gwanin gwanaye ya yi iyon da babu mai yin irinsa daga nan har bakin teku, amma 'yan aro sun watse daga kansa tun tsakiyar tafki. Can layi na ɗaya, inda wani sabon shiga ke ta karo da igiya yana shan ruwa, sandar ta kusa taɓa rufi. Ta ja tsaki.

Da ba haka abin yake ba. Farkon zuwan hular, makafi da guragu da masu hannu ɗaya har walima suka yi. Gasar da a da ko kyauta ba a zuwa kallonta, sai ga shi ana turereniya a ƙofa. Bara ne komai ya lalace. Wani ɗan iyo daga Gaya, mai gorarsa ya yi atishawa a daidai lokacin taɓawa. Atishawa fa! Mutumin ya daki bango da fuska, hanci ya fashe, haƙora suka zube a ruwa. Kyauta tana wurin, ta zaci za a rufe gasar a yi zaman jimami. Ina! Kafin magariba an naɗe karon nan ana sayarwa, mutane suna sa hula a gida suna maimaita shi. Matasa suka sa masa suna Yaji. Tun daga nan masu gora suka kamu da wata irin makara da ba a san su da ita ba. Wannan mako wani ya zame, wancan mako hannun wani ya yi sanyi. Kowa ya san abin da ake ciki, kowa ya yi gum.

Ana saura kwanaki kaɗan gasar ƙarshe ta shekara, Hakilu ya aiko a kira Kyauta. Shi ne manajan gasa na kamfanin, matashi mai laushin murya, wanda ƙamshin turarensa ke riga shi shiga ɗaki. Ofishinsa yana ƙarƙashin ruwa, bangon gilashi ne, kifaye na wucewa ta bayan kujerarsa.

"Hajiya Kyauta! Bismillah, zauna. A kawo wa Hajiya zoɓo mai sanyi."

"Ban je Makka ba, ranka ya daɗe. Kuma na ƙoshi."

Ya yi murmushi, ya ce ai Arzika abin alfaharinsu ne, ba a taɓa yin kamarsa ba. Sai dai iyonsa ya cika tsabta. Mutum ya shiga kansa, sai ya ji shiru, ba tsoro, ba fargaba, kamar yana kwance a katifa. Dokar kamfani kuwa a fili take: wanda sandarsa ta yi ƙasa a ƙarshen shekara, sai ya ba wani layinsa.

"To ya zai yi? Ya koyi nutsewa?"

"Subhanallahi, Hajiya. Ni fa ba cewa na yi kar ki taɓa shi ba, ni ma musulmi ne." Ya matso da kujera. "Ki ɗan jinkirta kawai. Ƙiftawar ido. Likitocinmu suna bakin ruwa. Ƙashin hanci yanzu inji ke buga shi kamar bulo, kafin la'asar an liƙa masa sabo, ya fi na da kyau."

"Ɗan Gaya fa? Na ji har yau matarsa ke ba shi abinci a baki."

"Wannan ƙaddara ce." Ya buɗe aljihun tebur ya fito da baƙar hula mai ɗauke da karon ɗan Gaya. "Ba ki taɓa sawa ba, ko? Shi ya sa kike ganin kamar mugunta ce. Gwada ki ji, sannan ki yanke mana hukunci."

Ita dai so take ta san abin da ake sayar da kan mijinta dominsa, sai ta karɓa ta sa a kan ɗankwalinta.

Duhu ya rufe ta. Ruwa ya naɗe ta, ta ji wasu faffaɗan kafaɗu da ba nata ba suna tashi suna faɗuwa, zuciyar wani tana dukan ƙirjinta. Abin da ya fi tsaya mata shi ne natsuwar mutumin. Yana gudu cikin duhu da duk ƙarfinsa, hankalinsa kwance, don ya san akwai wanda ke tsaye da gora yana jiransa. Sai ƙau! Haske ya tarwatse a kanta, ta ji ɗanɗanon jini, amma zafin bai fi na barkono a harshe ba, kwamfuta ta tace sauran. Hular ta saki. Ta buɗe ido, ga kifaye, ga Hakilu, ga hasken duniya garau. Ta shafa hancinta, lafiya lau. Nan take wani daɗi ya kwararo mata tun daga ƙeya har tafin ƙafa, daɗin cewa ba ita ba ce. Yatsanta har ya fara neman maɓallin ya sake.

A nan ta gane hajar da ake sayarwa. Ba iyo ba ne, ba ma karon ba ne. Cire hular ne, ka buɗe ido ka ga kai ba makaho ba ne, kanka bai fashe ba. Kuma ita ma, matar makaho, ta ji daɗin. Ta fizge hular, ta yi amai a kan kafet ɗin Hakilu.

"Kowa haka yake yi ran farko," in ji shi, yana miƙo mata hankici. "Gobe za ki so ki sake."

"Allah ya tsine wa wannan sana'a," ta ce, ta fita ba ta karɓi hankicin ba.

Ta hau jirgin layin dogo mai ratsa unguwanni, ta sauka a Ƙasan Gada inda suke zaune, kusa da injinan da ke riƙe garin a saman ruwa. Duk hanya ƙyamar kowa take ji. Wannan mai jaka, wancan mai goyo, dattijon nan mai carbi, wa ya san wanda ya kwana yana shan Yaji a cikinsu? Ta tarar da Arzika a tsakar gida yana shafa man kaɗanya a kafaɗa. Ta zuba masa tuwon shinkafa da miyar kifi, ta zauna gefe ba ta ci ba.

"Kin je wajen Hakilu," ya ce. "Ina jin turarensa a mayafinki."

"Sarkin Ruwa, ka san abin da mutumin nan ya ce in yi maka?" Haka take kiransa tun suna amare, tunda ba ta faɗin sunansa.

"Na sani. Ni ya fara yi wa magana." Ya kai loma. "Na ce masa na yarda."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. "Ka yarda? Ka yarda a fasa maka kai don wasu ƙattin banza su ji daɗi a kujera?"

"Sau ɗaya ne, Kyauta."

"Ɗan Gaya ma sau ɗaya ne!"

Ya ajiye cokalin miyar. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. "Kin tuna ranar da na fara cin kofin ƙasa, kafin hula ta zo? Muka fito ina rungume da kofin, wata tsohuwa ta jefa mini sadaka a ciki. Kin yi dariya, ni ma na yi. Amma ban manta ba. Yanzu in na bi titi, yara sunana suke kira. In aka karɓe layin nan, me zan koma? Makahon Ƙasan Gada, mijin Kyauta. A ruwa kaɗai nake mutum cikakke, kin fi kowa sani."

"A wajena ko a tudu cikakke ne kai."

"Ke ɗaya ce." Ya juyo da fuska inda muryarta take. "Kuma kan nan nawa ne ko naki?"

"Kan naka ne. Amma hannun nawa ne."

Injinan ƙarƙashin gida suna ta gurnani. Can ya ce in ba za ta iya ba, ba komai, kamfani na da masu gora na haya, Hakilu ya ce zai ba shi ɗaya. Ta ɗago kai da sauri. Ɗan haya ba jinkirin ƙiftawar ido zai yi ba, rungume gorar zai yi ya tsaya kallo.

"Ba wanda zai riƙe maka gora ina raye," ta ce.

"To za ki yi?"

"Na ce ni zan riƙe."

Ya ɗauka amincewa ce, ita kuma ta bar shi a haka. Tun da suka yi aure ba ta taɓa yi masa rufa-rufa ba sai ranar, kuma ta ji ƙyamar Hakilu ta ƙaru, don har cikin tsakar gidanta ya shigo da ƙazantarsa.

Ranar gasar ƙarshe, tun hantsi zauren ya cika. Kamfani bai yi shela ba, amma magana ta zaga gari a raɗe: yau huɗu ce, a layin Arzika za a sha Yaji. Kyauta ta ji ta a bakin masu sayar da gyaɗa a ƙofa, ta ji ta a bakin wata mata mai lulluɓi da ta zo da 'ya'yanta, har da ƙananan huluna na yara. Wani mai ƙaton tumbi ya gane ta, ya ɗaga mata babban yatsa yana washe baki. Da ba don gorar tana da aiki ba, da a kansa za ta karya ta.

A bakin tafki ta tarar da Nomau, ya riga ta tsayuwa a ƙarshen layi na biyar.

"Yaya Nomau, ina kwana? Ya jikin Innarku?"

"Lafiya," ya ce, idonsa a kan ruwa. Ta ɗauka shi ma ya ji raɗe-raɗin ne, yana ƙyamarta. Ta so ta ce masa ba haka ba ne, amma ga ma'aikatan kamfani ko'ina, sai ta haɗiye.

Aka fito da 'yan iyon can ɗaya ƙarshen, kowa da hularsa da baƙin tabarau. Tun kafin su hau dakalin tsalle, sandar layi na huɗu ta harba sama har ta daki rufi, sauran biyar suka zama kamar guntun alli. Duk mutanen nan sun cunkushe cikin kan mijinta suna jiran ya fashe. Hakilu yana tsaye a barandarsa ta gilashi, hannu a aljihu. Masu ceto biyu da likita suna gefen tafki, sun zuba wa barandar ido, ba ruwan ba.

Aka busa usur.

Arzika ya taho. Wallahi ko ita ba ta taɓa ganin ya yi iyo irin na yau ba. Yana tashi yana faɗuwa, ruwa na darewa a gabansa, ya bar Barmo da tsawon mutum guda, sauran kuwa ba a maganarsu. Ya san bango ne ke jiransa, ya san yau ba za a taɓa shi a kan kari ba, amma bai rage ko kaɗan ba. Zauren ya ɗauki wani irin nishi, dubban baki a buɗe, wasu har yawu na zuba a haɓarsu. Yau sun sami tsoron da suke nema, suna tsotsa.

Kyauta ta gyara tsayuwa. Idonta na kan kafaɗarsa. Saura bugu uku. Biyu. Ta sauke gorar daidai inda ta saba, daidai lokacin da ta saba.

Jikin da ya yi shekaru yana amsa soson nan bai tsaya shawara da mai shi ba. Hannuwan Arzika suka miƙe da kansu, suka dafa bango. Lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

Zauren ya yi wani gunaguni, irin na wanda aka fizge wa kwano yana tsakar ci. Sandar layi na huɗu ta zube ƙasa. Kafin Kyauta ta sauke numfashi, ta ji muryar mai shela ta lasifika, cikin sauri kamar dama a shirye yake: "Biyar, jama'a! Ku koma biyar!"

Ta juya. Barmo na tahowa da duk ƙarfinsa, hannuwa a baya, kai a gaba. Nomau yana tsaye, gora a sama, ya runtse ido gam. Ashe Hakilu ba ƙofa ɗaya ya ƙwanƙwasa ba.

"Yaya Nomau!" ta ƙwala.

Ta kai tata gorar, amma layin da nisa, soson ya daki ruwa. Ƙarar da kan Barmo ya yi a jikin kankare, ba ta yi kama da ta Yajin da ta ji a hula ba. Wannan ba a tace ta ba.

Zauren ya fashe da ihu. Mutane na dukan hannun kujera, suna shure-shure, wasu na kabbara, kabbara fa! Sandar layi na biyar ta cika har tana ƙyalli. Barmo ya kife a ruwa, fuska a ƙasa, ja yana yaɗuwa a kewayen kansa. Masu ceto suka yunƙura, Hakilu ya ɗaga musu tafin hannu daga baranda, suka tsaya cak. 'Yan aro ba su gama ba, yanzu suna ɗanɗana yadda ruwa ke shiga huhun mutum.

Arzika bai san komai ba. Ya ɗago kai daga ruwa da niyyar faɗa, har ya buɗe baki zai ce mata ta cuce shi, sai ihun ya cika masa kunne. Fuskarsa ta sauya. Ya saki murmushin da rabonta da ganinsa tun suna saurayi da budurwa, ya ɗaga hannu sama yana juyawa ko'ina.

"Kyauta! Kina ji? Kina jin su? Ashe ba sai na fasa kai ba! Ashe iyon suke so!"

Da za ta iya, da ta bar shi da wannan farin cikin ko na minti ɗaya ne. Amma Barmo ba shi da minti ɗaya. Ta durƙusa a bakin tafkin.

"Ba kai suke yi wa ba. Barmo ne, ya daki bango. Yana hannunka na hagu, ya kife. Ɗago shi, Sarkin Ruwa, maza!"

Murmushin ya mutu. Ya nutsa ta ƙarƙashin igiya, ya lalubo ƙafa, ya lalubo baya, ya birkito shi. Ya tallafo kan abokinsa a ƙirji, yana taka ruwa da ƙafafu, ɗaya hannun yana shafa fuskar don ya ga abin da ya same ta. Yatsunsa suka bi goshi, suka sami inda ya lotsa, suka tsaya.

"Barmo. Kai, Barmo! Ɗan banza, yi magana mana."

Barmo ko motsi bai yi ba. Nomau ya yar da gora, ya zauna daɓas a ƙasa, ya ɗora hannu biyu a ka. Sandar layi na biyar ta fara rawa, tana dushewa, don babu sauran abin ara a cikin kan. Kyauta ta ce a ranta, to yanzu dai sai su cire hulunan, su ga abin da suka yi. Waɗanda suka ƙera abin nan sun yi ta cika baki cewa daga yau ɗan Adam zai ji abin da ɗan'uwansa ke ji, tausayi zai cika duniya. To ga shi sun ji, har ƙarshe.

Ba wanda ya cire. Lasifika ta sake buɗewa, muryar mai shela har tana sarƙewa don zumuɗi.

"Huɗu, jama'a! Ku koma huɗu! Abokinsa ne tun yarinta, yana riƙe da shi yanzu haka! Ba a taɓa jin irin wannan ba, ku shiga huɗu!"

Dubban yatsu suka latsa maɓalli. Sandar layi na huɗu ta tashi, ta wuce inda ta kai da farko. Ihun ya lafa, zauren ya koma shessheƙa, mutane kwance a kujera suna kuka da hawayen wani, suna lashe leɓe. A baranda Hakilu ya ciro hannu daga aljihu yana tafi a hankali, ya dubi Kyauta ya gyaɗa mata kai, alamar layin mijinta ya tabbata har baɗi.

Arzika ma ya ji shelar. Ya girgiza kai da ƙarfi, ya goga shi a kafaɗa, hular ta ƙi fita, an yi ta ne don kar ruwa ya cire ta. Yanzu jikin Barmo ya yi nauyi, in ya saki hannu ɗaya, fuskar za ta koma ruwa. Ya juyo da baƙin tabaransa wajen da ya san matarsa take, muryarsa ta dushe kamar ta ƙaramin yaro.

"Kyauta, hannuna biyu suna riƙe da shi. Don Allah zo ki cire mini mutanen nan daga kaina."